Ƙanjamau a Eswatini: abin da allon talla ya kasa yi, da abin da magani ya yi

A shekarar 1992, idan mata masu juna biyu 100 suka je awon ciki a asibitocin ƙasar Swaziland aka gwada jininsu, kusan 4 ake samu ɗauke da ƙwayar cutar HIV. Da aka sake irin wannan ƙidayar a 2004, sai ga 42 da ɗoriya. Ka kwatanta abin a kan bencin asibiti: mata goma a jere, kowace da katinta a hannu tana jiran a kira ta, huɗu daga cikinsu na ɗauke da cutar da a lokacin aka fara raba maganinta ke nan, kuma kowace da ɗan da ke cikinta wanda shi ma yana iya ɗauka. Shekara 12 ce kacal tsakanin ƙidayar farko da ta biyu.

Ƙasar ƙarama ce, a maƙale tsakanin Afirka ta Kudu da Mozambik, mutanenta wajen miliyan 1.2 ne. Sunanta yanzu Eswatini, tun da Sarki Mswati na III ya sauya shi a watan Afrilun 2018, shekarar da ƙasar ta cika 50 da samun 'yanci daga Birtaniya. Mutanen suna kiran kansu emaSwati, harshensu siSwati. A 1986 aka naɗa Mswati yana ɗan shekara 18, kuma a wannan shekarar aka fara tabbatar da ƙwayar cutar a jikin wani ɗan ƙasar. Wato mulkinsa da annobar tare suka taso.

Har yau babu ƙasar da ta kai Eswatini yawan masu ɗauke da cutar idan aka auna da yawan jama'arta. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na manyan ƙasar ke nan. Don a gane nauyin abin, binciken da aka yi a Najeriya a 2018 ya samu kashi 1.4 cikin 100 tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 49. Amma kuma ita wannan Eswatinin ce a 2020 hukumar yaƙi da ƙanjamau ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce ta riga kowace ƙasa a Afirka cim ma burin da aka sa wa duniya na shawo kan cutar, shekara goma kafin wa'adi. Mai karatu na da haƙƙin ya tambaya: ta yaya ƙasa ɗaya za ta zama ta fi kowa cuta kuma ta fi kowa nasara? Amsar tana cikin bambancin da ke tsakanin sanin cuta da samun ikon kauce mata, kuma abin da nake so in warware ke nan.

A fara da yadda wutar ta kama. Mutum zai yi saurin cewa ai auren mata da yawa ne, tunda sarkin ƙasar kansa matansa sun haura goma, mahaifinsa Sobhuza na II kuwa an ce ya auri kusan 70. Wannan amsa ba ta isa ba, kuma mu ne ya fi kamata mu gane haka. A Jamhuriyar Nijar auren mace fiye da ɗaya ruwan dare ne, amma masu ɗauke da cutar ba su kai kashi ɗaya cikin 100 ba. A Eswatini ma, abin da ya fi yawa shi ne rashin auren da jinkirinsa. Sadakinsu, wanda suke kira lobola, da shanu ake biya, sau da yawa fiye da goma, saurayin da ba shi da aiki kuwa ina zai samo su? Sai a yi shekaru ana tare ba a ɗaura ba, a haifi 'ya'ya, namiji na da wata a wani gari, macen ma wani lokaci tana da wanda ke taimaka mata da kuɗin haya.

Aikin ci-rani ya ƙara hura wutar. Tun zamanin Turawa mazan ƙasar ke tafiya mahaƙar zinariya a Afirka ta Kudu, su zauna a barikin maza zalla na tsawon watanni, su dawo gida da Kirsimeti. A cikin gida ma haka: gonakin rake na Big Bend da Simunye da Mhlume suna jan maza daga ƙauyuka, masaƙun Matsapha kusa da Manzini suna jan 'yan mata, waɗanda albashinsu ba ya kai su ƙarshen wata. Miji da mata kowa yana wani wuri mafi yawan shekara.

Akwai wani abu game da ita kanta ƙwayar cutar da ke sa irin wannan zama ya zama haɗari. A makonnin farko bayan mutum ya kamu, ƙwayar tana cika jininsa maƙil, kuma a lokacin ne ya fi yaɗa ta, alhali bai san komai ba, lafiyarsa ƙalau a ido. Wanda ya rabu da wata ya yi wata shida kafin ya nemi wata, wannan lokacin mai tsanani yakan wuce shi yana shi kaɗai. Wanda kuwa yake da biyu a lokaci guda, ya ɗauko yau, jibi ya kai gida. Idan ita ma ta biyun tana da wani, to sarƙa ta haɗu, gari guda na iya shiga ciki ba tare da kowa a cikinsu ya tara abokan kwana masu yawa ba. Masana sun yi ta muhawara kan girman rawar da wannan ya taka, amma hukumomin ƙasar sun ɗauke shi a matsayin babban dalili, kuma a kansa suka gina yawancin saƙonninsu.

Sai kaciya. Abin da Bahaushe ya ɗauka kamar shan ruwa, a can ba haka ba ne. Swazawa sun bar al'adar tun ƙarni na 19, zamanin Sarki Mswati na II, kuma wani binciken ƙasa baki ɗaya na 2006 zuwa 2007 ya samu kusan kashi 8 cikin 100 ne kawai na mazan ƙasar ke da kaciya. Zan dawo kan wannan.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne matsayin mace. Har zuwa 2019, lokacin da Babbar Kotun ƙasar ta soke tsarin, matar da aka aura a ƙarƙashin tsohuwar dokar auren kotu tana ƙarƙashin ikon mijinta ne a harkar dukiya da yarjejeniya, kamar ƙaramar yarinya. Akwai al'adar kungena, inda ɗan'uwan mamaci ke gaje matarsa, ko da kuwa ƙanjamau ce ta kashe mijin. Akwai kuma kalmar da ke rufe komai, tibi tendlu, wato sharar cikin gida, abin da ba a fitarwa waje. Wani bincike na ƙasa baki ɗaya a 2007 ya gano cewa kusan yarinya ɗaya cikin uku ta fuskanci cin zarafi ta hanyar lalata kafin ta kai shekara 18, kuma galibi daga wanda ta sani ne. Sai a 2018 aka samu cikakkiyar doka kan laifukan fyaɗe da cin zarafi a cikin gida, bayan shekaru ana jan ƙafa. Sakamakon duk wannan ya fito ƙarara a alƙaluman masu ɗauke da cutar na 2006 zuwa 2007: maza kashi 20, mata kashi 31, matan da ke tsakanin shekara 25 da 29 kuwa kashi 49. Rabinsu ke nan.

Shekarun da suka biyo bayan 2000 shekarun jana'iza ne. Tsawon ran da ake sa wa ɗan ƙasar ya faɗo daga wajen shekara 60 zuwa ƙasa da 45. Malaman makaranta, 'yan sanda, ma'aikatan jinya, manoma, masu ƙarfin da ƙasa ke tsaye a kansu, su ne ke tafiya. Tarin fuka ya bi sahu, domin jikin da garkuwarsa ta karye shi yake nema, har ta kai mafi yawan masu tarin fuka a ƙasar suna ɗauke da HIV, gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansa a 2011. Marayu dubun-dubata suka koma hannun kakanni, wasu gidajen kuma babbar ya ko babban wa mai shekara 14 ne uwa da uba. Swazawa suka raɗa wa cutar suna umbulalave, mai kashe ƙasa.

To, me aka yi? A 1999 sarki ya ayyana cutar a matsayin bala'in ƙasa. A 2001 aka kafa hukumar NERCHA don ta haɗa kan duk aikin. Rediyo, coci-coci, makarantu, tarukan masu unguwanni, ko'ina maganar ake yi. Kuma saƙon ya isa: lokacin binciken 2006 zuwa 2007 da wuya ka sami baligi a ƙasar da bai ji labarin cutar ba, mafi yawa kuma sun san kwaroron roba na karewa. Duk da haka mutane suka ci gaba da kamuwa. Wannan shi ne abin da duk mai aikin wayar da kai ya kamata ya tsaya ya duba da idon basira, domin kunne ya ji, amma jiki bai tsira ba.

Matakin da ya fi yin suna a duniya shi ne umcwasho. A watan Satumban 2001 sarki ya farfaɗo da wannan tsohuwar al'ada, ya haramta wa 'yan matan da ba su yi aure ba kusantar namiji na tsawon shekara biyar. Alamar ita ce wani dogon tuntu na zaren ulu da yarinya ke ɗaurawa a ka ya zubo ta baya: shuɗi da rawaya ga ƙanana, ja da baƙi ga waɗanda suka ɗan tasa. Mai tuntu ba ta musabaha da namiji, ba ta sa wando. Namijin da ya keta dokar, 'yan matan unguwa za su taru su je ƙofar gidansu su zubar da tuntayensu, sai iyalinsa sun biya tarar saniya. A ƙauyuka wasu sun ɗaura, a birane da yawa suka ƙi. Ba a yi wata uku ba sarkin da kansa ya zaɓi yarinya 'yar shekara 17 a matsayin wadda zai aura. 'Yan mata suka je fada suka zubar da tuntayensu kamar yadda al'ada ta ce, shi ma ya biya saniyar. A watan Agustan 2005 aka kawo ƙarshen dokar, saura shekara guda wa'adinta ya cika, aka tara tuntayen aka ƙone.

Ba na cikin masu raina neman mafita daga al'ada. Zan kawo inda al'adar ta yi rana. Amma umcwasho ta ɗora kayan a kan wadda ta fi kowa rauni. Yarinyar da kawunta ke shigar mata ɗaki da dare, ko wadda malaminta ya ce sai ta ba da kai za ta ci jarrabawa, ko wadda ke riƙe da ƙanne uku babu abin ɗorawa a wuta, tuntu ba zai cece ta ba. Ba ita ke yanke shawarar ba tun farko. Kuma jama'a na kallon abin da shugaba ya aikata fiye da abin da ya faɗa.

A 2006 NERCHA ta gwada wata hanya, ta fito da kamfe mai zafi. A harshen titi na can, masoyin ɓoye sunansa makhwapheni, kalmar da ta samo asali daga hammata, wato wanda aka ɓoye a ƙarƙashin hammata. Sai aka cika allunan talla da jaridu da hoton fuskar wayar salula ɗauke da irin saƙon da masoyan ɓoye ke tura wa juna, a ƙasa kuma an rubuta Makhwapheni uyabulala, masoyin ɓoye na kisa. Maganar ta karaɗe ƙasar cikin 'yan kwanaki, a motar haya, a kasuwa, a gidan rediyo. Amma ƙungiyoyin masu ɗauke da cutar suka fito zanga-zanga a Mbabane, babban birnin ƙasar. Hujjarsu mai ƙarfi ce. Ka ɗauki matar da ba ta taɓa sanin wani namiji ba sai mijinta, an gano cutar a jikinta wurin awon ciki, ta daure ta gaya wa danginsa. Yanzu duk inda ta bi ga allo yana cewa masu wannan cuta maciya amana ne, makasa. Da wane ido surukarta za ta dube ta? Kuma ƙawarta da ke shirin zuwa gwaji, za ta je? Dole aka janye taken aka sassauta kalaman. Masu kare kamfen sun ce aƙalla ya sa an yi maganar da ake jin nauyin yi, kuma akwai gaskiya a nan. Sai dai tsangwama ba ta buƙatar a ƙara mata itace. Shekara uku bayan haka, a 2009, wani ɗan majalisa, Timothy Myeni, ya ba da shawarar a riƙa yi wa masu cutar tambari a ɗuwawu don a gane su. Ya nemi afuwa da aka yi masa ca, amma furucin ya nuna irin iskar da masu cutar ke shaƙa.

Sai batun kaciya. Tsakanin 2005 da 2007 gwaje-gwaje uku, a Orange Farm ta Afirka ta Kudu da Kisumu ta Kenya da Rakai ta Yuganda, suka tabbatar cewa kaciya na rage wa namiji haɗarin ɗaukar cutar daga mace da wajen kashi 60 cikin 100. A 2011, da kuɗin Amurka, aka ƙaddamar da shirin Soka Uncobe, ma'ana yi kaciya ka yi nasara. Burin shi ne a yi wa kashi 80 na maza 'yan shekara 15 zuwa 49 cikin shekara guda, mutum sama da 150,000. An kafa tantuna, an kawo likitoci daga waje, sarki ya sa albarka. Maza suka ƙi zuwa. Abin da aka samu bai kai ko rabin rabin burin ba.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne ga wanda ya zauna da mutanen. Magidanci mai shekara 35 da ke aikin yini, za a ce ya ajiye aiki ya yi jinya, ya kuma ƙaurace wa iyalinsa mako shida, a kan abin da ubansa da kakansa ba su yi ba. Jita-jita ta bazu kan inda ake kai fatar da aka yanke, a ƙasar da tsoron tsafi da sassan jiki ba wasa ba ne. Wasu kuma suka ce, idan bayan kaciyar ma sai na sa kwaroron roba, to wahalar ta mece ce? Wasu suka fahimci kalmar nasara a baibai, suka ɗauka sun zama ƙarfe. An tsara shirin da lissafin ofis, an gaggauta shi kafin a zauna da hakimai da iyaye mata a ji ta bakinsu. Daga baya aka karkata ga yara 'yan makaranta da jarirai, inda abin ya fi karɓuwa, adadin kuma yana hawa a hankali.

Abin da ya juya al'amarin ya shigo ne ba da ganga ba. Daga ƙarshen 2003 zuwa 2004 aka fara ba da maganin rage kaifin cutar kyauta a asibitocin gwamnati, da tallafin Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro, daga baya shirin PEPFAR na Amurka ya shigo da ƙarfinsa. Kafin wannan, me zai kai mutum gwaji? Ya je a gaya masa ranar mutuwarsa ta kusa, ya dawo gida da abin kunya, babu ko ƙwaya ɗaya a hannu? Ƙin gwaji a lokacin ba jahilci ba ne, lissafi ne. Da magani ya zo sai lissafin ya sauya. Maƙwabcin da aka ɗauka a baro aka kai asibiti, ana ta shirin makoki, bayan wata huɗu ga shi a gona yana huɗa. Gani ya kori ji.

Da fari maganin na manyan asibitoci ne kawai, a Mbabane da Manzini da 'yan wasu garuruwa, kuma likita ne kaɗai ke da ikon ɗora mutum a kai, a ƙasar da likitocin ba su da yawa. Mai jinya daga wani ƙauye a yankin Shiselweni sai ya sayar da kaza ya yi kuɗin mota, ya wuni a layi. Gyaran da aka yi shi ne aka sauko da aikin ƙasa. Aka horar da nas-nas su fara ba da maganin da kansu a ƙananan asibitocin karkara. Ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ta fara aiki a Shiselweni a 2007, tana cikin waɗanda suka nuna cewa hakan na yiwuwa. Aka haɗa maganin tarin fuka da na HIV a ɗaki guda. Aka kafa ƙungiyoyin unguwa inda mutum ɗaya zai je ya karɓo wa sauran. Ma'aikatan lafiya na ƙauye, waɗanda ƙasar ke da su tun shekarun 1970, suka riƙa bi gida-gida.

A cikin duk dabarun, wadda ta fi burge ni ita ce ɗaukar masu ɗauke da cutar aiki a asibiti. Ga yadda abin yake. Yarinya ta fito daga ɗakin gwaji, an gaya mata sakamako, ƙafafunta sun ƙi ɗaukarta. Maimakon a miƙa mata takarda a ce ta dawo ranar Litinin, sai wata mata mai jiki sosai, da fara'arta, ta ja ta gefe ta zaunar da ita. Ta buɗe jakarta ta fito da robar maganinta ta ce, “Ƙanwata, dube ni da kyau. Shekarata takwas ina shan wannan. 'Ya'yana biyu na haifa a kai, babu wanda ya ɗauka.” Ta gaya mata wane lokaci ya fi daɗin sha, me za ta ji a makon farko, yadda za ta tunkari mijinta da maganar, wa ya kamata ta fara gaya wa a gida. Idan ranar karɓar magani ta wuce ba a gan ta ba, ita ce za ta kira ta a waya, in ta kama ta taka har gida. Wannan ma wayar da kai ce, amma daga bakin wadda ta san ciwon, kuma hannunta riƙe da abin da za ta bayar.

Masu cutar ba jira suka yi a ba su wannan matsayi ba, su suka ƙwato shi. Siphiwe Hlophe ta gano tana ɗauke da ita ne a 1999, lokacin da aka buƙaci ta yi gwaji don tallafin karatu a Ingila, kuma tallafin ya kuɓuce mata. A 2001 ita da wasu mata huɗu suka kafa ƙungiyar SWAPOL, suka shiga karkara suna jinyar marasa lafiya, suna noma don ciyar da marayu, suna tsaya wa zawarawan da dangin miji ke kora daga gida.

A nan ne kuma al'ada ta yi amfani. An gina cibiyoyin kaGogo, wato ɗakin kaka, a masarautun ƙasar, domin a gidan Baswaze ɗakin kaka ne mafakar da ake kai kuka a sasanta rigima. An farfaɗo da gonar indlunkhulu, gandun hakimi da jama'a ke nomawa tare don marasa galihu. An naɗa mutane a unguwanni da ake kira lihlombe lekukhalela, kafaɗar da ake kuka a kanta, waɗanda yaro zai iya kai wa ƙara idan ana cutar da shi. Ba duka suka ɗore ba, wasu gonakin fari ya cinye su, wasu cibiyoyin sun zama kufai da tallafi ya yanke. Amma sun ɗora nauyin a kan al'umma gaba ɗaya, ba a kan 'yar shekara 15 ba.

Muna cewa rigakafi ya fi magani. A wannan cuta sai ya zamana maganin kansa rigakafi ne. Wani babban gwaji da aka bayyana sakamakonsa a 2011 ya nuna cewa fara shan magani da wuri na rage yaɗa cutar ga abokin zama da kashi 96 cikin 100, binciken da ya biyo baya kuma ya tabbatar cewa wanda magani ya danne ƙwayar a jininsa har na'ura ba ta ganinta ba ya yaɗa ta ta hanyar saduwa. A da sai garkuwar jiki ta faɗi zuwa wani mataki ake ɗora mutum a kan magani. Eswatini ta gwada ba kowa nan take a wasu asibitocin yankin Hhohho daga 2014, a 2016 kuma ta mai da shi tsarin ƙasa: a gwada ka yau, ka fara yau.

Ƙasar ta auna kanta sau uku da binciken da ake bi gida-gida ana ɗibar jini. A 2011, cikin manya 100 da ba su da cutar, fiye da 2 ke kamuwa a shekara. A 2016 zuwa 2017 adadin ya ragu da kusan rabi. A 2021 ya sauko zuwa kashi 0.62. A wannan binciken na ƙarshe, kashi 94 na masu cutar sun san suna da ita, kashi 97 na waɗanda suka sani suna shan magani, kashi 96 na masu sha kuma ƙwayar ta kwanta a jininsu. Idan ka haɗa lissafin, kusan 9 cikin kowane 10 na masu cutar a ƙasar ba sa yaɗa ta.

Yanzu za a gane abin da ya yi kama da saɓani a farko. Yawan masu cutar kamar ruwa ne a randa: sababbin kamuwa ne ke zubawa ta sama, mutuwa ce ke tsiyayar da shi ta ƙasa. A shekarun jana'iza ana zubawa da yawa, yana kuma tsiyaya da yawa. Yau abin da ake zubawa ya ragu ƙwarai, ƙofar ƙasan kuma an toshe mafi yawanta, saboda haka randar na nan kusan cike. Kashi 24.8 na manyan ƙasar da aka samu ɗauke da cutar a 2021 mutane ne da suke raye, da yawansu da tuni an binne su.

Amma kashi 0.62 ɗin nan yana ɓoye wani abu. Idan aka raba shi, na mata ya ninka na maza kusan sau bakwai. Wajen mutum 4,000 ke kamuwa a shekara, kuma 'yan mata da matasan mata ne kan gaba, galibi daga mazan da suka girme su, waɗanda ke da abin hannu. Maza, musamman matasa, su ne suka fi ƙin gwaji da jinkirin fara magani. Mace ciki na kai ta asibiti ko ba ta so, namiji kuwa sai ciwo ya kayar da shi. Wato abin da ya kunna wutar tun 1992, talaucin 'ya mace da rashin ikonta a kan jikinta, magani ya rage masa kaifi ne kawai, yana nan. Shi ya sa ake sa rai sosai a kan allurar lenacapavir, wadda ake yi sau biyu a shekara don kariya. A gwajin da aka yi a Afirka ta Kudu da Yuganda, wanda aka bayyana a 2024, cikin mata sama da 2,000 da aka yi wa babu ko ɗaya da ta kamu. A watan Nuwamban 2025 Eswatini da Zambiya suka zama ƙasashen Afirka na farko da aka kai wa. Amfaninta ga yarinyar masaƙar Matsapha a fili yake: ba sai ta nemi yardar kowa ba, babu robar ƙwaya da za a gani a jakarta a tambaye ta.

Sai kuɗi. Gwamnatin Eswatini ta daɗe tana sayen mafi yawan maganin da aljihunta, abin da ƙasashe da yawa da suka fi ta arziki ba su yi ba. Amma ɗakunan gwajin jini, da ma'aikatan da ke bi gida-gida, da masu ba da shawara irin matar nan mai robar magani a jaka, da shirye-shiryen 'yan mata, kaso mai yawa na kuɗinsu daga waje yake zuwa. Da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje a watan Janairun 2025, irin waɗannan ayyuka ne suka fara girgiza, ma'aikata da dama suka rasa aiki. Ita kanta gwamnatin kuɗin shigarta ya dogara sosai ga kason da take samu daga ƙungiyar kwastan ta kudancin Afirka, wanda ke hawa da sauka. Da ya faɗi a wajen 2011 sai da masu cutar suka fito titi don tsoron yankewar magani.

Maganin nan ba ya warkarwa, dannewa yake yi. Wanda ya daina sha, cikin 'yan makonni ƙwayar za ta farfaɗo a jininsa, ya koma yana yaɗawa, wani lokaci ma ta dawo da taurin kan da maganin farko ba zai ƙara yi mata ba. Mutum sama da 200,000 ne a Eswatini ke buƙatar ƙwaya ɗaya kowace rana. Yarinyar da aka ɗora a kai bana tana shekara 20, idan Allah ya ba ta shekara 70, ƙwaya sama da 18,000 ke gabanta, kuma kowace sai an sayo ta, an kawo ta asibitin ƙauyensu, an sami nas a bakin aiki ranar da ta zo karɓa.